Shafi na Tamanin da Bakwai

Littafin da ba a ma gama ɗinka shi ba aka tsinta a kasuwa ranar Litinin, an shimfiɗa shi a kan tebur tsakanin littafin koyon tuƙi da na kiwon kaji, ana sayar da shi rabin kuɗin da kamfanin da ke buga shi ya yanka masa. Kafin azahar labari ya zaga ginin kamfanin kaf, daga ofisoshin gaba har ɗakin inji da ke baya. Mutanen da suka shekara goma suna cin abinci a kwano ɗaya, ranar kowa ya ja nasa gefe, ana kallon juna ta wutsiyar ido.

Sai aka aika a kira Mai Hanci. Shekara talatin ya yi yana tuƙa injin bugu kafin ciwon baya ya hana shi tsayuwa, daga nan ya koma bin sawun masu bugun sata. Idan kamfani ya ga littafinsa a hannun da bai ba shi ba, shi ake nema. Ana cewa in ya buɗe littafi ya kai hanci, zai faɗa maka irin tawadar, da irin gam ɗin, wani lokacin har da unguwar da aka buga shi. Shi kansa ya san an ƙara wa labarin gishiri, amma bai taɓa ƙaryatawa ba, tunda da shi yake cin abinci. Abin takaici, wannan makon mura ce ta toshe shi tam, ko albasa aka yanka a gabansa ba zai sani ba.

Ya tarar da Darakta yana kai da kawo a ofis. Darakta ɗan mai kamfanin ne, ya gaji kujerar da rabin haƙurin mahaifinsa. Ya buɗe littafin satar a shafi na tamanin da bakwai, ya danna shi a kan tebur kamar zai gudu.

"Baba, duba nan. Dubi yadda ya fita tas. Wannan ba hoto aka ɗauka ba, daga kwamfutarmu ya fita. A cikin gidan nan ɓarawon yake."

Mai Hanci ya sa tabarau ya duba. Littafi ne na koyon haɗa wutar sola, irin wanda makarantun sana'a ke saya da kwali-kwali. A shafin akwai zane: faifan sola, batir, inbata mai juya wutar batir ta koma ta gida, da layukan kebul tsakaninsu. Bugun kuwa ya fita tas, babu ko ɗigo.

A kusurwar ofishin akwai wani dattijo zaune da hularsa a gwiwa. Shi ne Injiniya, marubucin littafin. Shekara bakwai ya yi yana rubuta shi bayan ya ajiye aikin koyarwa. Da ya buɗe baki, bai yi maganar sata ba ko kaɗan. Ya ce wannan zanen tsoho ne, kuma akwai kuskure a cikinsa. Tsakanin batir da inbata ya kamata a ga fiyus, wani ɗan ƙaramin abu da ke yanke wuta idan kebul ya haɗu da kebul, to a wannan zanen babu shi. An gano kuskuren, an gyara, littafin gaske zai fito da fiyus ɗinsa. Amma wanda ya bi na sata zai haɗa wuta ta kama lafiya lau, ta yi wata shida, ta yi shekara, ba abin da zai nuna. Sai ranar da ɓera ya ci kebul, ko danshi ya shiga.

"Ranar me zai faru?" in ji Mai Hanci.

"Kebul ya yi ja, ya kama abin da ke kusa da shi. Kuma mutanenmu a cikin ɗaki suke ajiye batir, don gudun ɓarayi." Ya juya hular a hannunsa. "Ni ban damu da wanda ya sata ba. Ka samo mini inda suke kafin su watsu."

Mai Hanci ya cire tabarau. Ya saba bin littafin da aka sace don mai shi ya huce haushi, bai taɓa bin wanda zai iya ƙona gida ba.

*

Da Edita ya fara, domin ita kowa ke nunawa da baki. Mace ce mai kusan shekara hamsin, ta yi ashirin daga ciki a ɗan ofishin nan mai taga ɗaya, tana gyara rubutun injiniyoyi da likitoci har ya zama abin da mutum zai iya karantawa. An riga an ɗauke kwamfutarta, sai shatin ƙura mai kusurwa huɗu a kan tebur, ita kuma tana zaune a gabansa da hannu biyu a cinya.

Ta ba shi labarin ba tare da ta ɗaga murya ba. Ita ce ta gano kuskuren. Wata biyu da suka wuce ta shiga ɗakin inji ta ɗauki falle ɗaya daga cikin waɗanda aka gama bugawa, don kawai ta ga yadda hotuna suka fita, sai idonta ya faɗa kan zanen. Ba injiniya ba ce, amma ta karanta rubutun da ke ƙarƙashinsa sau tara, ta san ya ambaci fiyus, ga shi kuma babu fiyus a zane. Ta sa aka tsai da aiki. Darakta ya yi kwana uku ba ya amsa gaisuwarta, domin dole a sake buga wannan ɓangaren, ga takarda ta ƙare, sai da aka jira mako shida kafin wata ta iso. Jiran nan ne ya sa har yau littafin gaske bai fita ba.

Mai Hanci ya tambaye ta me ya sa ake zarginta. Ta ce saboda bayan gyara an goge tsohon zanen daga ko'ina, ita kaɗai ta ajiye nata, kamar yadda take ajiye kowane tsohon gyara tun da ta fara aiki.

"Baba, da zan sayar, ai mai kyau zan sayar. Wa zai saci abin da shi da kansa ya hana a fitar?"

Maganar ta shige shi, amma ya san Darakta ba zai saya ba. An ba ta zuwa Jumma'a. In ba a sami wani ba, za a sallame ta, a kuma rubuta wa sauran kamfanoni dalili. Ta faɗi wannan kamar tana karanta labarin wata.

*

Mai Zane shi ne na biyu, kuma da ganinsa ka ga mara gaskiya. Tun kafin a tambaye shi ya fara rantsuwa, gumi na bin wuyan rigarsa, hannunsa ɗaya a kan aljihu. Mai Hanci ya ce a ransa to ga shi nan, yau aiki ya zo da sauƙi. Ya bar shi ya gama rantse-rantsen, sannan ya miƙa hannu ya ce a ba shi abin da ke aljihun.

Ɗan filas ne na ajiye bayanai. Suka sa shi a kwamfuta. Katin ɗaurin aure ne a ciki har guda arba'in, da kalandar wata makaranta, da tallan wani mai gyaran haƙori. Ashe bawan Allah da kwamfutar kamfani da tawadar kamfani yake ɗan aikinsa na gefe, abin da yake ta ɓoyewa ke nan. Na littafi ko shafi ɗaya babu.

Da ya ga asirin da ya tonu ƙarami ne, sai ya zauna ya kama kuka, wanda ya fi rantsuwar ban tausayi. Ya ce shi ne ya yi kuskuren. Injiniya da hannu ya zana, shi kuma ya sake zanawa a kwamfuta, ya ga wani ɗan akwati a kan layi ya ɗauka gogewar biro ce, ya share shi don zanen ya yi kyau. Tun ranar da aka gano bai yi barcin kirki ba, da aka gyara ya yi sadaka. Yanzu ga abin ya dawo.

Mai Hanci ya ba shi hankicinsa, wanda mura ta riga ta gama da shi, ya fita. Kwana biyu sun tafi, abin da ya samu kawai katin aure.

A bakin ƙofa wayarsa ta yi ƙara. 'Yarsa ce, autarsa, tana cewa yaushe zai zo ya ga wutar da baban yara ya haɗa musu, yau kwana goma fanka ba ta tsaya ba. Mijin nata direba ne da aka rage daga aiki bara, ya koma koyon sola wajen wani abokinsa, kuma Mai Hanci ya yi masa alkawarin kwafe ɗaya na littafin nan idan ya fito. Ya ce mata yana kan aiki, in Allah ya yarda ƙarshen mako. Hankalinsa na wani wuri, ya kashe wayar.

*

Ranar Laraba ya shiga kasuwar littattafai. Layi ne mai tsawo a bayan tashar mota, rumfuna suna fuskantar juna, kuma babu mai rumfar da bai san shi ba. Da suka hango shi, littafin sola ya ɓace daga kan tebura kamar ba a taɓa buga shi ba. Duk wanda ya tambaya sai ya ce ya dai ji labari. Wani ma har da tambayarsa ko littafin yana da kyau, ya sa a kawo masa.

Bai yi fushi ba, ya san su. Ya je rumfar wani tsohon abokinsa mai sayar da ƙamus da taswira, ya zauna a benci, aka kawo masa shayi mai citta saboda murar. Ya ce masa ba kama kowa ya zo yi ba, ya kuma gaya masa zancen fiyus. Mai rumfar ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce ai duk wanda aka sace wa littafi haka yake cewa na satar akwai cuta a ciki. Bara wani ya ce nasa na sata yana sa makanta.

Mai Hanci ya kurɓi shayinsa. Gaskiya ce tsagwaronta a bakinsa, amma an riga an yi ƙarya da irinta har ta daina aiki.

Cokalin shayin ne ya faɗi, ya sunkuya ɗauka. A ƙarƙashin tebur, bayan wani buhu, ya ga littattafan a jibge, guda goma sha biyu, bakinsu yana kallonsa. Takardarsu ruwan toka ce, irin mai arha da masu bugun sata ke amfani da ita. Amma a tsakiyar kowane ɗaya akwai siririn layi fari fat, kuma da yake an jera su, layukan sun hau kan juna reras.

Ya jawo ɗaya, mai rumfar yana ta ba da haƙuri yana cewa ajiya aka ba shi. Mai Hanci bai ma ji shi ba. Ya buɗe shafin farko: bugun ya yi fari-fari, kamar tawada ba ta gama kama inji ba. Ya wuce shafi na ashirin, nan kuma ta yi yawa har haruffa sun cika. Ya kai farin layin, daga shafi na tamanin da ɗaya zuwa na casa'in da shida, ya murza takardar tsakanin yatsunsa. Santsi, kauri, bugu tas. Ko cittar ce ta buɗe masa hanci ko tashin hankali, da ya kai littafin fuska sai ya ji warin tawada iri biyu, kuma ta tsakiyar ya san ta kamar yadda ya san warin ɗakinsa.

Kwana uku kowa a kamfani yana kallon shafi ɗaya, shi ma ya bi su ya kalla. Ba wanda ya juya littafin ya dubi bakinsa. Kunya ta kama shi sosai, don wannan abu ne da ya kamata ya gani tun ranar Litinin.

*

Mai Inji, shugaban ɗakin bugu, yaronsa ne a da, yanzu shi ma furfura ta fito masa. Mai Hanci ya ajiye littafin a kan injin yanka ya tambaye shi ina fallayen da aka soke.

Kowa a sana'ar ya san ba shafi-shafi ake buga littafi ba. Babban falle ake bugawa mai ɗauke da shafi goma sha shida, a naɗe shi, a haɗa da 'yan'uwansa, a ɗinka. Littafin sola falle goma sha biyu ne, na shida shi ne mai kuskure, kuma an riga an buga dubu uku kafin Edita ta tsai da aiki. Ban da su, kowane falle yana da na gwaji, waɗanda ake fara bugawa kafin tawada ta daidaita, wasu fari-fari, wasu baƙi ƙirin. Ƙa'idar ɗakin ita ce a tara su a lungu har a gama aiki, sannan a sa su a injin yanka a raba biyu kafin a ba masu sayen tarkacen takarda.

Mai Inji ya kai shi lungun. Babu komai sai katakon da aka ɗora su a kai.

Ya ce shi da kansa ya so ya yanka dubu ukun tun ranar da aka soke su, Darakta ya hana. Wai takarda mai tsada ce, a ajiye, wataƙila a bugu na biyu a manna gyara a kan zanen a yi amfani da su. Suka zauna nan mako uku. Sai ranar da shugabannin makarantun sana'a za su zo ganin kamfani, Darakta ya shigo da safe ya ga lungun, ya ce wannan wace irin ƙazanta ce, kafin baƙi su iso kada ya ga ko ƙyalle. Shi Mai Inji ranar yana asibiti da matarsa. Ma'aikata suka kira mai tarkace, ya auna, ya loda, ya tafi. Wanda zai tsaya yanka falle dubu uku baƙi na hanya, babu shi.

"Da ka dawo ka ga babu, me ka yi?"

"Na ɗauka an yanka, Baba." Ya sunkuyar da kai. "A'a. Ban tambaya ba. Na ji tsoron amsar."

*

Mai tarkace yana da fili a bayan gari, takarda tuli-tuli har sama da kai, da babban sikeli a tsakiya. Bai ɓoye komai ba, don a ganinsa bai yi laifin komai ba, kuma da gaskiyarsa. Ya ce ya tuna kayan sarai, domin bai taɓa samun takarda mai kyau haka ba a yanka ba. Ko kwana ba su yi ba wani mutum da ke zagayawa yana duba irin waɗannan ya zo da ƙaramar mota ya kwashe duka, har da na gwajin da bangon littafin. Sunansa bai sani ba, ba a tambayar suna a wannan sana'a. Amma direban motar ya taɓa ambata wani shago kusa da masu walda.

Mai Hanci ya sami shagon ranar Alhamis da hantsi. Ƙofa a buɗe, ciki wayam. Shatin ƙafafun inji huɗu a kan siminti, gwangwanin gam da ya bushe, da tarin ɓarɓashin takarda da aka yanke daga bakin littattafai. Ya tsuguna, bayansa yana ƙara, ya ɗebo da hannu. Ruwan toka, ruwan toka, sai fari ɗaya a tsakani.

Mai walda na kusa ya ce ai sun tashi kwana goma sha biyu da suka wuce. Kafin nan motoci sun yi ta zuwa suna ɗaukar kwalaye, wata ta yi gabas, wata ta yi kudu, wata ma ya ji ana cewa ƙetare iyaka za ta yi. Ya tambaya ko bashi suka gudu da shi. Mai Hanci ya ce a'a, ya yi masa godiya.

Ya daɗe a tsaye a bakin shagon da ɓarɓashin a hannu. Duk aikinsa na shekaru, sawu yakan kai shi ga mutum, ko ga ɗakin ajiya da za a sa wa kwaɗo. Wannan ya kawo shi inda hanya ta rabu goma, shi kuma ƙafa biyu gare shi, ɗaya ma tana ciwo.

*

Ranar Jumma'a da safe ya ce a tara kowa a ofishin Darakta. Edita ta zo da jakarta a kafaɗa, ta riga ta kwashe kayanta. Mai Zane ya raɓe a bango, Mai Inji ya tsaya a bakin ƙofa, Injiniya yana kusurwarsa da hularsa.

Mai Hanci bai yi dogon jawabi ba. Ya jera littattafan sata shida da ya karɓo a kasuwa a kan tebur, bakinsu yana kallon Darakta, ya nuna farin layin. Ya ce falle goma sha ɗaya hotonsu aka ɗauka daga na gwaji aka sake bugawa a takarda mai arha, shi ya sa tawadar ke canzawa duk bayan shafi goma sha shida. Na shida kuwa ba a sake buga shi ba, ba a ma buƙata. Takardar kamfani ce, tawadar kamfani, injin da ke bayan bangon nan ne ya buga shi. Babu wanda ya taɓa kwamfutar kowa. Sannan ya faɗi umarni biyun, na a ajiye da na a kwashe, da ranakunsu, bai ambaci wanda ya bayar ba.

Ba a buƙaci ya ambata ba. Darakta ya ɗauki littafi ɗaya, ya juya shi, ya ajiye. Ya buɗe baki zai ce wani abu game da Mai Inji, ya dubi fuskar Mai Hanci, ya fasa. Can ya ce a mayar wa Edita kwamfutarta. Haƙurin da ya bayar ke nan, kuma kowa ya san ba za a sami wani ba.

Edita ba ta sauke jakar ba. Ta tambaya nawa ne.

"Dubu uku," in ji Mai Hanci. "Falle dubu uku, littafi dubu uku. Na ga goma sha biyu."

Injiniya ya ce to a yi sanarwa, a rediyo, a jarida, yau ɗin nan, a ce duk mai littafin ya duba shafi na tamanin da bakwai. Darakta ya yi bayani a hankali, kuma abin haushin shi ne ba ƙarya yake yi ba. In kamfani ya fito ya ce bugunsa ne ke cikin littafin, duk gobarar da ta tashi a gidan mai sola kansu za ta dawo. Makarantun da suka yi odar littafin za su janye, don ba wanda zai tsaya bambance na gaske da na sata. Mutum ashirin da shida ke cin abinci a ginin nan. Ya ce zai yi magana da lauya, a ga yadda za a tsara kalmomin.

"Zuwa yaushe?" in ji Injiniya.

Darakta ya ce ba da jimawa ba. Injiniya ya sa hularsa, ya ce shi zai je gidan rediyo da bakinsa, ko minti biyu suka ba shi. Edita ta ce za ta raka shi. Suka fita tare, dattijo da mace mai jaka, Mai Hanci yana kallonsu ta taga har suka tsaya a bakin titi suna jiran abin hawa. Ya so ya yarda minti biyun za su isa, zuciyarsa ta ƙi.

*

Asabar da la'asar ya cika alkawari ya je gidan 'yarsa. Tun daga zaure ya ji ƙarar fanka. Jikokinsa biyu suka rugo suka riƙe masa ƙafafu, 'yar ta kawo ruwa mai sanyi daga firji tana dariya, ta ce ya sha ya ji, wannan ba ruwan randa ba ne. Surukin ya durƙusa ya gaishe shi, yana ta murmushin da ya kasa ɓoyewa. Mai Hanci bai taɓa ganinsa da haske haka ba tun da aka rage shi daga aiki.

Aka kai shi ya ga aikin. A ɗakin yara aka ajiye batir, a bayan labule, kusa da katifa, don nan ne ɓarawo ba zai kai ba. Aiki ne mai tsabta, kebul a miƙe, kowane a manne da bango. A kan batirin akwai littafi, bakinsa yana kallon ƙofa.

"Baba, ka huta da nemo mini," in ji surukin. "Na samu a kasuwa. Wallahi littafin nan ya buɗe mini ido. Yadda aka zana haka na bi, ban ƙara ba ban rage ba."

Mai Hanci ya bi jan kebul ɗin da ido daga batir har inbata. Babu komai a tsakani. Ya dafa bango. Ya tambayi surukin gida nawa ya haɗa wa.

Surukin ya ce huɗu, ban da nasu, akwai biyu kuma mako mai zuwa. Ya ciro wayarsa don ya nuna hotunan aikin, sai ya tuna wani abu ya ƙara faɗaɗa murmushi. Ya ce zanen nan ya fi duk wanda ya taɓa gani fita, shi ya sa ya ɗauki hotonsa ya tura zauren masu haɗa sola da suke da shi a waya, mutum ɗari biyu da wani abu. An yi ta sa masa albarka. Wasu ma sun tura wa wasu zaurukan.

Ya miƙo wayar. Shafi na tamanin da bakwai ne, ya fita tas.

Jiya Mai Hanci ya faɗi dubu uku a gaban mutane, yana ganin ko ba komai ya san iyakar abin. Ya miƙa wa surukin wayarsa, ya ce masa ya zauna, akwai magana, kuma ya nemo lambobin gidajen nan huɗu. Sannan ya sunkuya, bayansa yana ƙara, ya lalubi makunnin inbata ya kashe.

Fanka ta yi juyi uku ta tsaya. Daga tsakar gida ƙaramar jikar ta leƙo, da kofin ruwan sanyi a hannu.

"Kaka, wa ya ɗauke mana wuta?"